Gwajin da Ba a Yi wa Ango Ba

Muna tsakiyar addu'ar safe agogon hannunsa ya yi ƙara. Shi ke jan addu'ar, ni ina durƙushe a gefen kujera idona a rufe. Ya kai daidai inda yake roƙa wa marasa lafiya, sai kawai ya yanke, ya ce "cikin sunan Yesu, amin," ya miƙe ya shige ɗaki. Ban buɗe ido ba. Daga inda nake na ji ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado, na ji an ɓalle murfin gwangwani, na ji wani abu yana kaɗawa kamar tsakuwa a cikin roba. Wata bakwai ke nan da aurenmu, kullum agogon nan sai ya yi kuka ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, kullum mijina sai ya tashi, ban taɓa tambaya ba. Amma ban taɓa ganin mutum ya katse magana da Allah saboda agogo ba. Nan gabana ya faɗi.

Wanda zai ce me ya hana ni tambaya tun watan farko bai san gidan da na tashi ba. Shekaruna ba su kai na masu ba da labarin dā ba, amma in na tuna gidanmu na unguwar Rikkos sai in ji kamar tsohuwa ce ke tuna garin da ruwa ya cinye. Kafin gari ya waye za a ji guga na bugun bakin rijiya, a ji kiran salla daga masallacin maƙwabta, can kuma mai gadin coci ya buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a bishiyar turare. Sanyi na cin yatsu, mu mata muna shara muna hura gawayi, yayyena suna naɗe cikin bargo domin su maza ne. Ba mu ga laifin haka ba. In an yanka kaza, ƙundu na Baba ne, ko ya yi tafiya sai a ajiye masa. Kujerarsa ba mai zama, rediyonsa ba mai murɗawa. Ran Talata da yamma matan zumunta, wato ƙungiyar matan cocinmu, sukan taru a tsakar gidanmu koyon waƙa, da tulun kiɗa da caki, muryoyinsu su cika layin, har matan Musulmi su leƙo ta katanga suna cewa a maimaita waccan, ta yi daɗi. Yanzu waɗannan maƙwabtan sun tashi tun bayan rikicin da aka yi a garin, katangar ma an ƙara mata bulo. A wancan lokacin na ɗauka ba abin da ya fi mace ta girma, ta ɗaura ankon zumunta, ta kafa ɗankwali, a kira ta matar wane.

Aikina a gida wankin acca ne. Ƙwarya biyu da ruwa, a karkata hannu a hankali, acca ta gangara, yashi ya kwanta a ƙasa, a zubar, a sake, sau bakwai sau takwas har baya ya ƙage. In Baba ya tauna yashi a cikin gwate ba ya faɗa, cokali kawai zai ajiye, Mama kuma ta ɗago ido ta kalle ni. A kan ƙwaryar nan aka koya mini aure. Mama na tsinke alayyafo tana zubo mini dokokinsa ɗaya bayan ɗaya: miji shi ne kai, mace ta gari ba ta binciken aljihu, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, abin da ya faru a ɗaki a ɗaki yake mutuwa. A coci ma haka. A ajin 'yan mata an koya mana yadda ake durƙusawa a miƙa wa miji ruwa, da yadda za mu tsare kanmu har ranar aure. Na tsare kuwa. Na gama sakandare ba namijin da ya taɓa riƙe hannuna. Sai yanzu nake tambayar kaina, su samarin me ake koya musu a can bayan coci? Ni dai abin da na gani ƙwallo ne da kaɗa gita.

Baba ya rasu ina aji biyar, saboda haka da shugaban mawaƙan cocinmu ya aiko neman aurena, Mama ta ce Allah ya share mata hawaye. Ya girme ni da shekara goma, yana aikin ofis, ya zauna a Abuja, muryarsa in ya ɗaga ta sai tsigar jiki ta tashi. Kowa ya ce na yi sa'a. Ni ma na ce.

A cocinmu ba a ɗaura aure sai an bi ta kwamitin aure, dattawa biyar, duk maza. Tun da ƙanjamau ta fara ɗibar mutane, ana binne ma'aurata ɗaya bayan ɗaya ana cewa doguwar jinya ce, suka kafa doka: ango da amarya su yi gwajin jini, amarya ta ƙara da na ciki. Sakamakon kuma ba ya zuwa hannun mai jinin, a ambulan ake liƙe shi a kai wa kwamiti. Ni mata biyu na zumunta suka raka ni asibiti. Ɗaya ta tsaya a bakin bayi ina fitsari a kwalba, ƙofa a buɗe, wai kada in karɓi na wata. Saura mako guda biki aka sake maimaita na cikin, ko an samu canji. Shi kuwa ya ce aiki ya yi masa yawa, ya riga ya yi nasa a Abuja, ga takarda. Ba wanda ya raka shi, ba wanda ya tsaya masa a ƙofa. Shugaban kwamitin, wanda ƙanin mahaifinsa ne, ya buɗe ambulan biyu a gabanmu, ya gyara tabarau, ya ce, "Lafiya lau, mun gode wa Ubangiji." Ya ninke ya sa a aljihu. Aka yi shela Lahadi uku, aka ɗaura.

To ranar da agogo ya katse addu'a, yana fita aiki na yi abin da aka hana ni tun ina yarinya. Na jawo akwatin. Ƙarƙashin rigar mawaƙa akwai gwangwanin madara, a ciki robobin magani farare, an kankare rubutun jikinsu da reza. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na ƙulle a hankici. Ban je kemis ɗin layinmu ba, mai shi ɗan cocinmu ne. Na hau acaɓa zuwa Kwararafa, inda na san ba zan haɗu da idon sani ba, na shiga shagon wani dattijo mai farin gemu. Ya juya ƙwayar a tafin hannunsa, ya jira har matar da ke sayen maganin tari ta fita.

"Baiwar Allah, ke ke sha?"

"A'a, Malam. Tsinta na yi."

"A ina?"

"A gida."

Ya mayar mini da ita cikin hankicin, ya ƙulle da kansa. "Ni ba likita ba ne. Amma wannan ba a sayar da ita a kemis, a asibiti ake bayarwa, da kati. Ki je a duba jininki. Yau, ba gobe ba."

"Ta mene ne?"

"Kin yi makaranta, ko? Kina jin abin da ake faɗa a rediyo."

Ban san yadda na isa asibitin ba. Wata nas mai jiki, kowa na ce mata Sista, ta ɗebi jinina don gwajin ƙanjamau, ta bar ni a benci. Da ta kira ni ta ce, "Yau babu. Amma kada ki fara rawa, ƙanwata. Abin nan yana iya ɓoyewa a jini har wata uku. Ki dawo bayan wata uku mu sake. Kafin nan, ko ku yi amfani da kwaroron roba, ko ki nisance shi. In kika koma yadda kuke, kin dawo da mu farko."

Da ya dawo daga aiki na kai masa abinci, na durƙusa kamar yadda aka koya mini, na ajiye ƙwayar a gefen faranti. Ya daɗe yana kallonta. Maganar da ta fara fita daga bakinsa ita ce, "Wa ya ce ki taɓa akwatina?"

"Maigida, takardar da ka kai wa kwamiti, jinin wa aka gwada?"

"Na wani abokina."

"Tun yaushe ka sani?"

"Shekara uku." Sai ya fashe da kuka, babban mutum, majina da hawaye. "An yi mini addu'a a kan dutse, kwana bakwai ina azumi. Na ba da gaskiya na warke."

"To ƙwayar fa?"

Ya share fuska. Can ya ce, "Madam, da na gaya miki, za ki aure ni?"

"A'a."

"To kin gani."

Na gani kuwa. Kuma ban ɓoye ba, na ji tausayinsa, domin bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma tsoron da ke idonsa na gaske ne. Na gaya masa abin da Sista ta ce. Nan take hawayen suka bushe. "Roba? A gidana, da matar da na aura a coci? Wannan kayan 'yan otal ne. Kuma mutane sun fara ƙirga mana watanni, so kike a ce ni ba namiji ba ne?" Washegari yana fita na cusa kayana a jaka na koma Rikkos.

Mama ta tare ni a bakin rijiya. "Ya doke ki?" A'a. "Ya hana ki abinci?" A'a. "Wata mace ce?" A'a. "To me kike nema a duniya?" Ban faɗa mata ba. Asirin miji ne, kuma ita ta koya mini inda ake ajiye shi. Na ce ina so in huta wata uku. Ta ce aure ba aikin gwamnati ba ne da ake ɗaukar hutu.

Ran Talata matan zumunta suka zo biko, cikin anko, da tulunsu. Haka ake yi a wurinmu, in amarya ta yi yaji sai a yi mata faɗa, a yi addu'a, a raka ta ɗakinta da waƙa. Maman zumunta, shugabarsu, ta zauna a kan turmi ta buɗe baki ta nuna mini giɓi. "Amarya, kalli nan. Haƙorin nan ba rake ne ya cire shi ba. Shekara talatin da biyu, ga ni nan, ban je ko'ina ba. Ke kin fi mu ne? Jikin mace ba nata ba ne, na mijinta ne, ba a hana shi." Wata daga baya ta ce, "Yaran sakandaren nan, Turanci ya yi musu yawa." Wata ta ce, "Ko oga ne ya fi ƙarfinki? Ki dinga shan kunun gyaɗa, za ki saba." Aka kwashe da dariya. Matan nan su suka goya ni, su suka yi mini kitso ranar baftisma, kuma da zuciya ɗaya suke so su raka ni da waƙa zuwa gadon da zai iya kashe ni. Na shige ɗaki na sa sakata. Suka yi waƙa uku a tsakar gida, waƙoƙin da nake so tun ina ƙarama, ina jingine da ƙofa ina cizon zanena. Har yau ba na son jin tulun kiɗa.

Da aka kira ni ofishin Baba Rabaran, limamin cocinmu, na ce a raina, nan kam zan faɗa, shi makiyayi ne. Na faɗa. Ya cire tabarau ya dafe goshi, na ga abin ya buge shi. Ya aika aka kira shugaban kwamiti da mijina. Mijina ya amsa komai kansa a ƙasa. Ƙanin mahaifinsa ya ce, "Ya tuba? Ya tuba. To magana ta ƙare. Ke kuma alkawari kika yi a gaban bagaden coci, cikin lafiya da cikin ciwo."

Ban san inda na samu bakin ba. Na ce, "Baba, na yi alkawarin ciwon da zai zo mana. Ban yi na wanda aka liƙe a ambulan ba."

"Kun ji ko? Mace tana mayar wa dattawa magana," in ji ƙanin mahaifin nasa.

Baba Rabaran ya ɗaga hannu. "'Yata, maganarki da gaskiya a ciki. Amma in wannan ta fita, an binne yaron nan da ransa. Aikinsa zai tafi, ba mai sake shan ruwa da kofinsa. Ki rufa masa asiri saboda Yesu."

"Zan rufa, Baba. Ni wa zai rufa mini?"

Ga yadda suka yanke: tun da ba za a faɗi dalili ba, abin da ikkilisiya ke gani shi ne mace ta bar gidan mijinta ba hujja, wannan kuwa dokarsa a rubuce take. Aka sa ni a horo. Ba ni ba Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci, ba ni ba zumunta, wurin zamana bencin baya, har ranar da zan koma ɗakina. Shi ba a taɓa shi ba, domin in an taɓa shi za a tambayi dalili.

Bencin nan yana bakin ƙofa, inda ake jingine laima, inda iskar damina ke shigowa da feshi. Muna yara mukan waiga mu saci kallon masu zama a kansa, 'yan mata da ciki ya tona, suna sunkuye, Mama ta finciko kunnena ta ce in na yi wasa can zan ƙare. A duk shekarun nan ban taɓa ganin namiji a kai ba, kuma ban taɓa tambayar kaina su waye suka yi cikin ba. Yanzu ga ni a kai, ni da aka tsaya mini a ƙofar bayi sau biyu aka tabbatar. Daga nan ina hango Mama a gaba cikin anko, ba ta waigowa. Ina hango mijina yana kaɗa hannu, mawaƙa na bin sa, jama'a na share hawaye. Farantin Jibi ya zo har bencin da ke gabana ya juya. Ba da Allah nake faɗa ba, shi na san ya ga abin da ke cikin ambulan. Amma na kan zauna in ji haushi yana tafasa a ƙirjina har in kasa bin waƙar.

Sauran kwanakin mako kuma tsoro ne. Mura ta kama ni, na ce shi ke nan, ta fara. Sauro ya cije ni, na yini ina duba wurin. Ina auna hannuna da yatsu ko na rame, na kuwa rame, domin abinci ba ya wucewa. Na ware kofina ba tare da na ce me ya sa ba. A layi mata na cewa na samu wani saurayi ne, wasu na cewa aljanu ne. Mijina ya riƙa aiko saƙo ta wayar yayana, wai yana kewata, wai in tuna shi ne kaina. Sau biyu na ɗaure jaka don in koma a huta da surutu, sai in tuna Sista ta ce za mu koma farko, in kwance.

Ranar Juma'ar da wata uku suka cika, na kasa ɗaura zane. Mama na tsaye a ƙofa tana kallona. Ta ce, "Ina za ki?"

"Asibiti."

Fuskarta ta washe, karo na farko a wata uku. "Ciki ne?"

Nan abin ya ɓalle. Na gaya mata duka, da gwangwanin, da takardar abokin, da ofishin Baba Rabaran. Ta dafa bango.

"Dattawan sun sani?"

"Sun sani."

"Suka sa ki a baya?"

"E, Mama."

Ta ɗaura mini zanen da hannunta kamar ina 'yar shekara biyar, ta ɗauki mayafinta. Muka hau mota. A bencin asibiti leɓɓanta na ta motsi da addu'a. Aka ɗebi jinin, muka zauna muna kallon mutane na shiga ɗakin nan ɗaya-ɗaya, wasu su fito da sauri, wasu a riƙe. Wajen ƙarfe ɗaya aka kira lambata.

Sista ta rufe ƙofa, ta duba takarda, ta dube ni. "Kin bi abin da na ce?"

"Na bi, Sista."

"Wata uku cur?"

"Cur."

"To ƙanwata, babu. Kin tsira."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake, tana dariya, ta ce ko in kawo lasifika. Na ɗauka zan yi tsalle ko in yi kuka, amma ko ɗaya ban yi ba. Ta ba ni ruwa, ta riƙe ni har ƙofa.

Mama ta miƙe. "Me ta ce?"

"Ta ce babu, Mama."

Sai ta sulale ta zauna daɓas a ƙasa, nan a barandar asibiti, mutane na ratse ta. Ɗankwalinta ya zame ba ta gyara ba. Ta kama ƙafata da hannu biyu ta riƙe.

"Shekara ashirin ina koya miki rufe baki," in ji ta. "Da kin ji maganata, da ni zan binne ki." Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙo hannu na ɗaga ta. "Jibi Lahadi ki matsa mini a bencin nan naki. Da ankona zan zauna, in ga wanda zai ce in tashi."